Harshen da Ya Bar Kasuwa Ya Koma Coci: Me Ƙungiyoyin Ƙibɗanci Suka Tsirar?

 

A unguwar Abbasiyya ta birnin Alƙahira, a kan titin Ramsis, akwai wata ƙungiya da ta kai shekara 90 tana yi wa wani harshe hidima, harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa, ba a rarrashin yaro da shi a ɗaki. Da Faransanci aka raɗa mata suna, ma'anarsa Ƙungiyar Binciken Kayan Tarihin Ƙibɗawa. Mirrit Butrus Gali ne ya kafa ta a 1934, shekarar da Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa, kuma tun 1935 take buga mujallarta. Aikinta shi ne tara littattafai, tonon kufai, tantance tsoffin rubuce-rubucen hannu da buga su. Wani zai ce ai wannan wahalar banza ce, tunda masu harshen sun riga sun sake shi. Mu dai a ganinmu ƙungiyar ta zaɓi aikin da ya fi dacewa, ko da yake aiki ne marar armashi wanda ba a yi wa mai shi tafi. Sai dai ta yi shi da wani babban aibi, kuma za mu faɗe shi ba kara.

Sunan Ƙibɗawa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Muna jin sa a wajen tafsiri in an zo ƙissar Annabi Musa (AS) da Fir'auna, mun kuma san Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). A yau in an ce Ƙibɗawa ana nufin Kiristocin Masar 'yan asalin ƙasar. Harshensu shi ne zangon ƙarshe na harshen Misirawan dā, wanda ake gani a zane a jikin duwatsun Fir'aunoni. Bambancin shi ne an rubuta Ƙibɗanci da haruffan Girkanci 24, aka ƙara wasu shida ko bakwai daga tsohon rubutun ƙasar saboda sautukan da Girkanci ba shi da su. Duk wanda ya san yadda aka lanƙwasa haruffan boko aka samu ƙ da ɗ da ɓ ya san irin wannan dabara. Masana harsuna ma sun sa Ƙibɗanci da Larabci da Hausa a babban gida ɗaya, kowa da reshensa, amma zumuncin ya yi nisan da ba a jin juna ko kaɗan.

Harshen bai faɗi dare ɗaya ba. Amr ɗan As ya ci Masar wajen 641. A farkon ƙarni na 8 aka mayar da takardun gwamnati zuwa Larabci, sai mai neman aikin ofis ya ga dole ɗansa ya iya Larabci. Sannu a hankali birane suka juya, har ta kai a ƙarni na 10 da na 11 malaman coci da kansu suna rubuta littattafansu da Larabci, domin jama'arsu sun daina fahimtar Ƙibɗanci. Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ruwaito cewa a zamaninsa akwai sauran masu magana da shi a kudancin ƙasar. Daga baya ya rage a coci kaɗai, inda ake addu'a da waƙoƙin ibada da karin harshen arewa da ake kira Buhairanci. Ɗan abin da ya saura a bakin talaka shi ne kalmomi nan da can, da sunayen watanni. Manomin Masar, Musulmi ne ko Kirista, har gobe ya san Tuba da sanyi, Amshir da iska, Ba'una da zafin rana.

Ba za a gane amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi ba sai an ga abin da ya sami Shanuda. Shi ne shugaban wani gidan ruhubanawa da ke kusa da garin Suhaj a kudancin Masar, wanda ake kira Farin Gida, daga wajen 385 har rasuwarsa wajen 465. Masana sun haɗu a kan cewa ba a yi marubucin zube kamarsa ba a Ƙibɗanci. Mutum ne mai kaifin harshe, mai dogayen jimloli, wanda ba ya raga wa attajirai masu zaluntar manoma, ba ya raga wa almajiransa. An tsara ayyukansa a juzu'i tara na dokokin gidan da juzu'i takwas na wa'azozi da jawabai, ga kuma wasiƙu. Gidan yana da ɗakin littattafai mai ɗaruruwan kundaye da aka rubuta a kan fata, da karin harshen kudu, wato Sa'idanci.

Da aka daina karanta Sa'idanci, sai aka jibge littattafan a wani ƙaramin ɗaki. Daga ƙarshen ƙarni na 18 Turawa suka fara saye, kuma ba littafi-littafi aka sayar ba. Ganye-ganye aka riƙa yagowa, ƙulli-ƙulli, wa ya zo da kuɗi a ba shi. A shekarun 1880 dubban ganyaye suka tafi babban ɗakin karatu na Paris. Yau za ka samu littafi ɗaya, farkonsa yana Paris, tsakiyarsa yana Naples a Italiya, wasu shafuka a Vienna, wasu a Landan, wasu a Alƙahira, da yawa kuma sun ɓace har abada. Mun fi son mu ɗora wa mai saye laifin duka, kuma lallai yana da kaso mai tsoka. Amma wanda ya sayar ya sayar ne domin a idonsa fata ce kawai mai baƙaƙen da ba ya iya karantawa. Mu da labaranmu ke yawo a WhatsApp guntu-guntu, wasu an ma cire sunan mai su, ba mu da bakin yi wa ruhubanawan nan dariya.

Wani Ba'amurke mai suna Stephen Emmel, wanda ya koyar a Münster ta ƙasar Jamus, ya kwashe shekaru yana bin ganyayen nan ƙasa-ƙasa. Yana duba lambar shafi, da hannun magatakarda, da yawan layuka, da yadda jimlar ƙarshen wannan ganye ke haɗuwa da ta farkon wancan. A 2004 ya fitar da sakamakon a juzu'i biyu, inda ya nuna yadda kundaye wajen 100 suke tun asali. Bai ƙara wa Shanuda ko kalma ɗaya ba. Amma kafin wannan aiki, mai karatu bai san ko farkon wa'azi yake karantawa ko tsakiyar wani daban ba, balle ya yi magana a kan salon marubucin. Emmel ba ma'aikacin ƙungiyar Alƙahira ba ne. Mun kawo shi ne don a ga irin ɓarnar da ta sa 'yan ƙasa suka ce gara a samu masu wannan aiki a cikin gida.

Kafin ƙungiyar, Markus Simaika Basha ya kafa gidan adana kayan tarihin Ƙibɗawa a tsohuwar Alƙahira a 1908, ya bi coci-coci yana tattara abin da ya rage. Ƙungiyar Mirrit ta ɗora da ɓangaren nazari da bugu. Cikin ayyukanta wanda ya fi burge mu shi ne Tarihin Shugabannin Cocin Masar. An daɗe ana jingina littafin ga Sawirus ɗan Muƙaffa, limamin Ashmunain na ƙarni na 10, amma bincike ya nuna cewa Mauhub ɗan Mansur, mutumin Iskandariyya, shi ya harhaɗa babban sashensa a ƙarshen ƙarni na 11, wasu kuma suka yi ta ɗorawa. An riga an buga sashen farko a Turai, ya tsaya a shekarar 849. Ƙungiyar ta ɗauko daga nan, ta riƙa fitar da matanin Larabci tare da fassarar Ingilishi daga 1943 har 1974. Shekara 31 ke nan a kan littafi ɗaya. Cikin masu aikin akwai Yassa Abdul Masih, da Aziz Suryal Atiya, da Burmester, Baturen Ingila da ya riƙe ɗakin karatun ƙungiyar. Littafin ba labarin limamai kaɗai ba ne. Akwai haraji a ciki, da cikar kogin Nilu da ƙafewarsa, da yunwa, da yadda aka yi zama da halifofi da sarakuna. Mai nazarin daular Fatimiyawa ko ta su Salahuddin yana buƙatarsa kamar yadda yake buƙatar Maƙrizi, domin yana nuna masa zamanin ta idon waɗanda ake mulka.

Sai tonon kufan gidan ruhubanawa na Fibamun, a hamadar da ke yamma da Luksor, wanda ƙungiyar ta yi a ƙarshen shekarun 1940. An buga rahoton a juzu'i uku, na ƙarshen fitowa sai a 1981. Juzu'i guda na rubuce-rubucen jikin bango ne da na kan tsingaro, domin talakan wancan zamani a kan fasasshiyar tukunya yake rubuta wasiƙarsa. Wani juzu'in kuwa ya ƙunshi tantance ragowar tsirrai da dabbobin da aka tono. Ba wanda zai kwana yana karanta wannan don nishaɗi. Amma daga irinsa ake sanin me mutanen suka ci, me suka roƙa, da yadda suke rubuta harshensu in ba malami a kansu.

To ga aibin. Ƙungiyar ta manyan mutane ce tun daga tushe. Mirrit jikan Butrus Gali Basha ne, firaministan Masar da aka kashe a 1910, kuma kakansu ɗaya da Butrus Butrus Gali wanda ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1992. Ba laifi ba ne mai hali ya kashe dukiyarsa a kan ilimi, da ma duk masu hali haka suke. Laifin shi ne harshen da aka zaɓa. Mafi yawan maƙalun mujallar da Faransanci da Ingilishi suke, wato an rubuta su ne don farfesan Paris da na Oxford. Yaron da ke hidima a cocin ƙauye a Minya ko Asyut, wanda ya haddace waƙoƙin Buhairanci da ka ba tare da sanin ma'anar rabinsu ba, Larabci kaɗai yake ji. Shi ne magajin harshen, kuma shi ne wanda mujallar ba ta magana da shi. A da an kwashe fatun an kai Turai, yanzu fatun da suka rage suna gida amma bayaninsu yana cikin harshen Turai. Ci gaba ne, amma bai kai inda ake so ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya daban, kuma dole a yi musu adalci. Iƙladiyus Labib, wanda ya rayu daga 1868 zuwa 1918, ya ce shi harshen zai mayar bakin mutane. Ya buga littattafan koyo, ya kafa mujalla mai suna Ainu Shams, ya ƙirƙiro sabbin kalmomi, ya sa iyalinsa magana da Ƙibɗanci a gida. Ya rasu bai gama ƙamusunsa ba. Gidaje ƙalilan suka yi koyi da shi, abin bai haura katangar gida ba. Dalilin a fili yake: yaro yana riƙe harshen da yake wasa da shi a waje, wanda zai yi faɗa da shi, ya yi zance da shi, ya ci abinci da shi. Masu kafa hujja da yadda aka farfaɗo da Ibrananci suna mantawa cewa can mutane ne suka taru daga ƙasashe daban-daban ba su da harshe ɗaya na haɗuwa. Ƙibɗawa kuwa suna da Larabci, nasu ne kamar yadda yake na maƙwabtansu Musulmi.

Kishi ba bincike ma yana iya yin ɓarna. A zamanin Kirillus na Huɗu, wanda ya shugabanci cocin daga 1854 zuwa 1861, wani malami mai suna Iryan Muftah ya gyara lafazin Buhairanci ya daidaita shi da yadda Girkawan zamaninsa ke furta haruffan. Da kyakkyawar niyya aka yi, kuma makarantu suka yaɗa shi har ya zama shi ne lafazin da aka fi ji a coci. Sai a 1975 Emil Mahir Ishaƙ ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Oxford, ya nuna cewa tsohon lafazin daban yake. Cikin hujjojinsa akwai tsoffin takardun da aka rubuta Ƙibɗanci da haruffan Larabci, waɗanda suka adana sautin kamar yadda aka ji shi. Har yau ana jayayya a kan wanne za a bi. Abin lura a wajenmu shi ne, ba don wani ya ajiye waɗannan takardu ya yi musu fihirisa ba, da ba a ma san an sauya wani abu ba.

Irin wannan aiki yakan daɗe bai biya ba. A ƙarni na 13 da na 14, da malaman Ƙibɗawa suka ga harshen yana zamewa, sai suka zauna suka rubuta nahawunsa da Larabci, suka yi jerin kalmomi da fassara waɗanda suka kira sullam, wato tsani. Cikinsu akwai Yuhanna limamin Samannud, da Abul Barakat ɗan Kabar wanda ya rasu a 1324. Ba su hana harshen barin kasuwa ba. Amma wani matafiyi ɗan Italiya ya kai kwafin irin waɗannan littattafai birnin Rum, Athanasius Kircher ya buga su a 1643, Turai ta samu hanyar koyon Ƙibɗanci. Champollion, Bafaranshen da ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822, sai da ya ƙware a Ƙibɗanci tun yana matashi. Da ya ga zanen rana a farkon sunan wani sarki, ya tuna yadda ake kiran rana da Ƙibɗanci, ya haɗa da kalmar haihuwa, sai ga sunan Ramsis ya fito, sarkin da titin ƙungiyar ke ɗauke da sunansa. Tsakanin masu sassaƙa tsanin da wanda ya hau shi akwai shekara wajen 500.

Ajiya kaɗai kuma ba ta isa ba, domin masana ma suna da rowa. A ƙarshen 1945 wani manomi da ke haƙar taki kusa da Nag Hammadi ya fasa wani tulu ya samu kundaye 13 na Ƙibɗanci, masu ɗauke da matani sama da 50, da yawansu an ɗauka sun ɓace tun ƙarnonin farko na Kiristanci. Dillalai suka shiga, kundi ɗaya ya ɓulla a Zurich, siyasa ta shiga, wasu masana kuma suka kankane haƙƙin bugawa suka zauna a kai. Sai da UNESCO da gwamnatin Masar suka fara fitar da hotunan shafukan a 1972 kowa ya samu gani, cikakkiyar fassarar Ingilishi kuwa sai 1977. A cikin wannan yunƙuri ne aka kafa Ƙungiyar Nazarin Ƙibɗanci ta Duniya a Alƙahira a Disambar 1976, wadda ke babban taro duk bayan shekara huɗu. A ganinmu mafi amfanin abin da irinta ke yi shi ne sanar da kowa wane ne ke aiki a kan wane matani, don kada mutum ɗaya ya kwanta a kan dukiyar jama'a shekara 30.

Gyaran aibin da muka ambata ya fara ne daga inda ba a zata ba. Ƙibɗawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun ga 'ya'yansu ba Ƙibɗanci, ga Larabcin ma yana kuɓucewa. A 1979 Hani Takla ya kafa wata ƙungiya a Los Angeles ya sa mata sunan Shanuda. Ta riƙa sayen hotunan rubuce-rubucen hannu daga ɗakunan karatu na Turai da na Masar a kan ƙaramin fim, ta tara su wuri ɗaya, ta yadda abin da wuƙa ta raba hoto ya haɗa. Ta buɗe azuzuwan koyon harshen ga duk mai so, ba sai ɗan jami'a ba. Tana taron shekara-shekara a jami'ar UCLA, kuma tun 2002 take fitar da mujallar Coptica. Da haɗin gwiwar Gidauniyar Markus ta nazarin tarihin Ƙibɗawa aka riƙa kai tarukan masana cikin gidajen ruhubanawan Masar kansu: Wadin Natrun a 2002, Fayyum a 2004, Suhaj a 2006. Wannan na ƙarshe ya mayar da masu nazarin Shanuda ƙasar da aka yage littattafansa, suka yi bayani a gaban magadan gidan. Mun fi ganin hikima a wannan tsari, domin ya haɗa binciken da ƙungiyar Alƙahira ta iya da koyarwar da Labib ya yi wa kishi, ba tare da alkawarin da ba za a iya cikawa ba na cewa gobe za a ji Ƙibɗanci a tashar mota.

Duk da haka Ingilishi ne ya gaji Faransanci, Larabci yana nan a baya. Babban kundin sanin Ƙibɗawa mai juzu'i takwas, wanda Aziz Atiya ya jagoranta ya rasu a 1988 bai ga fitowarsa ba, da Ingilishi ya fito a 1991. Ƙamus ɗin da kowa ke dogara da shi, na Walter Crum da aka kammala a 1939, Ƙibɗanci zuwa Ingilishi ne. Akwai Cibiyar Nazarin Ƙibɗanci da aka kafa a Alƙahira a 1954 mai koyarwa da Larabci, kuma wasu masana 'yan ƙasa sun fara fassara Shanuda zuwa Larabci, amma abin da aka fassara bai kama ƙafar abin da aka gano ba. Da za a tambaye mu inda ya kamata kuɗin ƙungiyoyin nan ya fi zuwa a yanzu, da mun ce wajen mafassara, a fitar da ƙananan littattafai masu araha, matanin Ƙibɗanci a shafi ɗaya, Larabci mai sauƙi a ɗayan. Shanuda ya yi wa manoman Suhaj wa'azi ne da harshen da suke ji, lokacin da Girkanci ne harshen manya. Jikokin manoman nan suna nan a Suhaj, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansa sai wanda ya iya Ingilishi, Faransanci ko Jamusanci ke iya karantawa.